Farin Katin Ranar Laraba

Ranar Laraba ce. Daga baya tsohon safiyon ya bi ta sa'a bayan sa'a, kamar yadda ya saba bin iyakar fili da igiyar awo. Ya tambayi duk wanda ya ga 'yarsa a ranar, ya rubuta a ɗan littafi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna filayen mutane, saboda haka bai yarda da "wajen ƙarfe kaza" ba.

Ƙarfe biyar ta tashi. Mijinta, mai gyaran na'urorin asibiti, ya tabbatar da haka, domin agogon a kansa yake kaɗawa, ita ce kuma take miƙa hannu ta tsallake shi ta kashe. Biyar da rabi ta goge kayan makarantar 'yarsu da rigar aikin maigidan. Tata rigar ta girgiza ta sau biyu, ta ce ai jiki ma guga ne.

Shida da kwata ta tashi yarinyar. Shekararta takwas, ana kiranta Lauya, domin ba a taɓa ba ta umarni ta karɓa ba tare da ta nemi hujja ba. A ranar hujjar da ta nema ita ce ta wanka: jiya ta yi, kuma ba ta je ko'ina ba sai barci. An yi shari'ar minti shida, uwar ta yi nasara.

Bakwai saura minti goma suka fita a ƙaramar motarta, wadda ƙofar direba ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwa. Bakwai da ashirin ta ajiye Lauya a firamare. Bakwai da talatin da biyar maigadin sakandaren da take koyar da lissafi ya buɗe mata ƙofa. Ya ce ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, ya fara ba ta amsa, kafin ya kai ƙarshe ta kai ɗakin malamai.

Daga takwas zuwa goma ta koyar da aji uku a jere. A gajeren hutu ta haɗa shayi, ta ajiye shi a kan taga, sai Shugaban makaranta ya leƙo.

"Malama, minti ɗaya kawai."

Mintin Shugaba ba irin na agogo ba ne. Wata malama za ta tafi hutun haihuwa, ana so a raba azuzuwanta ba tare da an taɓa kowa ba. Ta ce to. Mai shara ce ta zubar da shayin da la'asar, da ƙuda biyu a ciki.

Sha biyu saura ashirin aka kaɗa ƙararrawar darasi na shida. A duk mako wannan ne kaɗai gurbin da ta bar wa kanta: minti arba'in, sai dogon hutu na rabin sa'a ya biyo baya. Ita take tsara jadawalin makarantar gaba ɗaya, malamai arba'in da uku, ɗalibai sun haura ɗari tara, kuma kowane zango sai ta yi dabara ta tsirar da wannan ɗan gurbi. Tsohon bai san haka ba a lokacin. Shi a zatonsa malamin makaranta rabin yininsa zaman hira ne. Shi ya sa da aka yi masa aikin ido, likita ya ce ya riƙa zuwa awo kowace Laraba da tsakar rana, bai ji nauyin komai ba da ya ce mata, da sunan da ya saba kiranta, "Dakta, ai sai ki riƙa kai ni." Tasi na wucewa ta ƙofar gidansa. Amma tun rasuwar mahaifiyarta gidan ya yi masa faɗi, kuma mai tasi ba ya mayar da magana yadda take mayarwa.

Ta iso gidansa sha biyu saura minti sha biyu.

"Dakta, kin makara da minti uku."

"Rubuta a littafinka, Baba. In an zauna kotu a kira ni."

"Ina babi na huɗu?"

"Yana gaishe ka."

"Shekara takwas kenan yana aiko da gaisuwa. Ya zo da kansa mana."

"Kunya yake ji. Ba shi da kayan fita."

Babi na huɗu na kundin digirinta na biyu ne. Tsohon ya gyara zama, ya ɗauko huɗubar da yake yi mata duk Laraba a daidai shataletalen asibiti.

"Ke matsalarki ɗaya ce, ba ki iya cewa a'a ba. Kowa ya zo da buhunsa sai ki miƙa kai. Dole mutum ya ware wa kansa lokaci, ko sa'a ɗaya ce a mako, ya ce wannan tawa ce, ko uban wa ya zo ba zan bayar ba."

Ta dube shi ta gefen ido, sannan ta fashe da dariya, har mai motar baya ya danna mata hon. Ya tambaye ta abin dariya. Ta ce, "Ba komai, Baba. Gaskiya ka faɗa." Ya ji daɗi ƙwarai. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ɗaya saura minti biyar ta sauke shi a gida, ta ɗiga masa magani a ido, ta ce kada ya karanta jarida, ta san zai karanta. Ta shiga darasi na bakwai da makarar minti sha tara; ɗalibai sun shaida. Biyu da kwata ta ɗauko Lauya. Uku suka tsaya shago. Huɗu aikin gida, da wata shari'ar a kan dalilin da ya sa bakwai sau takwas ba zai zama hamsin da huɗu ba ko na rana ɗaya. Shida da rabi suka ci abinci. Kwamfutarta ta nuna an buɗe babi na huɗu ƙarfe takwas da minti sha biyu, an rufe takwas da sha tara. Waƙafi ɗaya ta sauya.

Washegari, ƙarfe biyar da arba'in, ta faɗi a gaban teburin guga. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan ba ya sallama kafin ya shigo. Tara da rabi ta cika. Shekararta talatin da shida. Mijin ya ce da ya shigo ɗakin ya tarar ta riga ta zare gugar daga wuta.

Tun tana 'yar shekara biyar ya raɗa mata Dakta, ranar da ta ƙirga matakalan ofishinsa ta ce masa na hawa na biyu sun fi na farko da ɗaya. Ya auna, ya tarar haka ne. Daga nan ya shata mata hanya kamar yadda ake shata titi: digiri na farko, na biyu, na uku, da turaku a kowace kwana. Ta bi har na farko. Sai ta karɓi koyarwa "na ɗan lokaci," sai aure, sai Lauya. Ta yi rajistar na biyun don ta samu lafiyar kunnenta, ta rubuta babi uku cikin wata bakwai, sannan a shekara ta uku da fara aikinta malamin da ke tsara jadawali ya yi ritaya, aka ce wa ya iya lissafi.

Tsohon ya ɗauki abin aikin akawu. Sau ɗaya ya taɓa ganin tana yi, a hutun ƙarshen shekara, da ya biya makarantar karɓar mukulli. Wani faffaɗan allo ne mai taushi a bangon ƙaramin ɗakin ajiya, an ja masa layuka, kwana biyar a tsaye, darasi takwas a kwance. Kowane malami da launin katinsa, ana kafe shi da fil. An sha kawo mata manhajar kwamfuta da aka ce tana gama aikin cikin daƙiƙa. Ta gwada, ta ce manhajar ba ta san malamin tarihi ba ya magana da malamin Turanci tun rikicin kujera ba, ba ta san malamar kimiyya tana shayarwa ba, ba ta kuma san aji uku ba sa fahimtar komai bayan wasan motsa jiki sai an ba su zane. Kwana huɗu take yi a gaban allon, fil a baki, takalmi a gefe.

"Wannan ne ya hana ki zama Dakta?" ya tambaye ta ran nan.

Ta cire fil daga baki. "Baba, zo ranar farko ta zango. Ka hau bene ka tsaya lokacin da za a kaɗa ƙararrawa. Yara ɗari tara su fito, su gauraya, kowa ya shige inda ya dace, ba a bar aji ko ɗaya ba malami. Minti biyu, sai tsit. Wallahi in na ga haka har yunwa nake daina ji."

Bai je ba. Ya ce mata daina jin yunwa ba ya cikin abin da ake rubutawa a takardar shaida.

Kwana tara bayan rasuwar, Lauya ta same shi a falo yana rubutu a ɗan littafinsa. Ta leƙa, ta karanta ba tare da izini ba.

"Tsoho, ka rubuta 'darasi na shida, ba ta da aiki.' Ƙarya ne."

"Ke, uban uwarki kike cewa ya yi ƙarya?"

"To kuskure. Wannan farin kati ne. Mama ta ce duk allon na mutane ne, farin ne kawai nata."

"Me take yi a ciki?"

"Ta ce so take ta zauna ta ji me za ta yi tunani idan ba wanda ya kira ta." Yarinyar ta ɗaga kafaɗa. "Ni ma na tambaye ta hujja. Ta ce sai na girma."

Ya daɗe yana duban layin. Sai dariyar shataletale ta dawo masa, da hon ɗin mai motar baya. Ya soke "ba ta da aiki" da layi ɗaya madaidaici. Laraba shida ya san inda suka tafi, shi ya ci su. Abin da ya hana shi sukuni shi ne sauran. Shekara takwas tana tsara jadawalin. Ko ta taɓa samun sa'ar nan tata, ko sau ɗaya?

Ya tambayi mijin. Mijin ya ce shi ya ɗauka kundin take rubutawa. Ya tambayi abokan aikinta da suka zo gaisuwa, kowa ya ce Allah ya jiƙan Malama, ai ba ta taɓa cewa a'a ba. Sun faɗe shi a matsayin yabo, mutum bakwai, kusan da kalmomi iri ɗaya.

A mako na uku Shugaba ya aiko a zo a kwashe kayanta. Tsohon ya je da kansa, ranar Laraba, a tasi. Minti takwas ce tafiyar.

Ya tarar da makarantar a hargitse. An naɗa kwamitin mutum uku su raba azuzuwan marigayiya da na mai hutun haihuwa, sun yi zama biyar. Da aka kaɗa ƙararrawa yana tsakar fili, ya ga malamai biyu sun nufi ƙofa ɗaya, na tarihi da na Turanci, kowa na duban sama, alhali ajin da ke kusa yara na buga tebur ba kowa a gabansu. Ya ɗaga kai ya dubi benen. Daga can, ya lura, ana ganin kowace ƙofa.

"Baba, mun yi rashi," in ji Shugaba, yana riƙe da hannunsa da hannu biyu. "Ginshiƙi ce. Mun yanke shawarar sa wa ɗakin karatu sunanta. Sai dai muna roƙon alfarma, allon nan a bar mana shi yadda yake. Mun hana kowa taɓawa, daga shi muke kwafa."

"Ku riƙe. Kayanta na ina?"

Kwali ɗaya ne. Kofin shayi, takalmi mara tsini, maganin ciwon kai, hoton Lauya ba haƙoran gaba, da allon yabo na katako da aka ba ta shekara biyu da suka wuce. A ƙasa akwai gwangwanin alewa. Ya buɗe. Fararen katuna ne ɗaure da roba, fuskarsu ba rubutu, sai hudar fil. Ya ƙirga, ashirin da uku. Ya juya na farko, ya matso da shi kusa da idon da aka gyara.

A bayan kowanne ta rubuta zango da shekara, da wanda ya ɗauka, da ƙananan haruffanta masu tsabta. Malamin motsa jiki, ya karye. Kwamitin jarrabawa. Lauya, haƙori. Kwamitin ladabtarwa. Riƙon ajin malamar kimiyya. Maigida, motarsa na gareji. Kwamitin duba yawan kwamitoci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a duk allon nan tsaga ɗaya ce, kowa ya san inda take.

A na goma sha bakwai ya karanta da ƙarfi: "Bitar daidaita aiki da rayuwar iyali, mako goma."

Shugaba ya yi murmushin tunawa. "Ƙwarai, ni na kawo masu bitar. Mun rasa inda za mu saka ta, Malama ta samo mana gurbi. Ita ce ma ta riƙa ɗaukar sunayen mahalarta. Ta amfana sosai."

Tsohon ya mayar da ido kan katunan. Ya ci gaba. A na ashirin ne ya tarar da abin da ya zo nema. Ba suna a jiki. Ta rubuta: "Mako na huɗu ba wanda ya zo. Na rufe ƙofa, na zauna. Minti goma ban san me ake yi ba. Na gyara jadawalin jarrabawa."

Ya karanta sau biyu. Ya ciro ɗan littafinsa, ya rubuta: minti goma. Ya so ya ƙara wani abu a gefe, ya ga ba shi da abin aunawa, ya rufe.

"Saura ɗaya," ya ce. "Zango ashirin da huɗu ne."

Suka shiga ɗakin ajiya. Allon na nan, ja da kore da shuɗi da rawaya, cunkus kamar kasuwa, sai fari ɗaya tal a layin Laraba, gida na shida. Ya miƙa hannu.

"Baba, ai mun ce kada a taɓa..."

"Wannan ba naku ba ne."

Ya zare fil ɗin, ya juya katin. An rubuta: "Baba, ido. Zai tambayi babi na huɗu."

Tsohon na riƙe da katin, Shugaba ya fito da abin da ke ransa. Ya ce tunda gurbin ya buɗe, dama kwamitin jadawali na neman lokacin zama.

Kayan an raba su cikin wata guda. Tufafinta 'yan'uwa suka ɗiba. Motarta kuwa mijin ya riƙe, har yanzu bai koyi tokare ƙofar ba, sai ya fita ya zagaya. Littattafan lissafi suka tafi ɗakin karatun da ke ɗauke da sunanta. Allon yabo Lauya ta ce a ba ta, tana ɗora kofi a kai. Kundin kuwa tsohon ya sa aka buga masa, babi uku da shafi biyu na na huɗu. Ya karanta duka cikin yini biyu. Aiki ne mai kyau. A shafi na sittin da ɗaya ya ga kuskure a wani jeri na alƙaluma, ya ɗauki fensir, ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya mayar. Ya sa kundin a aljihun tebur tare da gwangwanin.

Katin ƙarshe ya zauna a aljihun rigarsa har wata Asabar da ya je duba jikarsa. Surukin nasa, mutumin kirki da baƙin ciki ya mayar mai tsare-tsare, ya manna babbar takarda a bangon ɗakin cin abinci: jadawalin Lauya na bayan makaranta. Litinin ƙarin lissafi, Talata Turanci, Alhamis ninƙaya, Juma'a bita.

"Laraba ce ta rage, Baba. Na samo mata ajin kwamfuta, huɗu zuwa biyar. An ce kada a bar yaro da zaman tunani a irin wannan lokaci. Kuma ka ga kanta irin na uwarta ne, in aka dage har Dakta sai ta zama."

Tsohon ya tashi, ya ciro katin da fil ɗinsa, ya kafe shi a gidan Laraba.

"An riga an ɗauki wannan."

"Wa ya ɗauka, Baba?"

"Ba kowa."

Lauya ta matso ta duba, hannu a ƙugu. "To me zan yi a ciki?"

"Ban sani ba."

"Mece ce hujja?"

"Babu. Kuma ko ni na zo na ce ki raka ni wani wuri, ki ce a'a."

"Ko kai, Tsoho?"

"Musamman ni."

Surukin ya dubi katin, ya gane irinsa, ya bar shi inda yake. Katin na nan har yanzu a bangon, farar fuskarsa a waje, rubutun yana kallon siminti.